Ranar da Baba Idi ya cinye mu a poka

Bayan Juma'a, a gonar dabino ta unguwar Awali, inda muke ci-rani a ƙasar waje, Sani direba yana koya mana kartar poka. Ba kuɗi, ƙwallon dabino muke zubawa.

Ya ce, "Kowa kati biyu a ɓoye, biyar a tsakiya. Mai haɗi mafi ƙarfi ya ci. In naka ba kyau, ka janye, ko ka dake har sauran su tsorata."

Baba Idi, dattijonmu, ya cinye mu da katin banza.

Na ce, "Baba, ya aka yi fuskarka ba ta nuna komai ba?"

Ya ce, "Kafil, ubangidan da ya kawo ni ƙasar nan, ya sallame ni daga aiki tun Litinin. Kullum ina kiran iyalina ta bidiyo, har yau ba su gane ba."

Mu ma sai lokacin muka sani.

Jama'a, a ganinku ya faɗa musu ko ya yi shiru?