Lambar Sirri a Bakin Zanen Surukata

Na ga abubuwa da yawa a yawon duniya. Wasu sun goge a kaina sarai, wasu sai an tuna mini. Amma akwai wata Asabar a nan Yamai wadda ko ƙwaƙwalwata ta fara zuba, ina jin ita ce za ta fita a ƙarshe. Ita ce ranar da na fara aika kuɗi da katin bashi, kuma sai da na durƙusa gaban surukata kafin kuɗin su yarda su tafi.

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina aikin tafinta a ƙasashen mutane. Na zauna Abijan, na zauna Nairobi, na sha sanyin Liyon, na sha zafin Jidda. Da na ajiye aiki sai na dawo Gamkalle, na gina ɗan gidana kusa da masu garka, inda ƙanshin albasa da na'ana'a ke tashe ni da safe. Cikin abin da na dawo da shi har da katin bashi na wani banki a Faransa. Ba irin katinmu na nan ba ne, wanda abin da ka ajiye shi kaɗai za ka ciro. Wannan banki ne ke biya maka, kai kuma ka biya shi a ƙarshen wata. In ka biya a kan lokaci, ko dala ba za a ɗora maka ta ruwa ba, kuma ni tun da na karɓe shi ban taɓa yarda kwana ɗaya ya wuce ba. Tikitin jirgi kawai nake saye da shi ta intanet, shi ma sai jefi-jefi.

Ran nan da hantsi ina shan shayi a zaure sai ga kiran ƴar yayata, malamar makaranta ce a Damagaram. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba.

"Kawu, an samu! Likitan ido ya zo!"

Yayata, wadda ta goye ni ina jariri, ta shekara huɗu a can Damagaram yanar ido ta rufe mata idanu biyu. Sai dai ta gane mutum da murya. Wani baƙon likita ne ya sauka a wata kilinik ta kuɗi, ya duba ta da safen nan, ya ce aikin mai yiwuwa ne. Gobe Lahadi zai yi wa waɗanda ke cikin jerin suna, jibi ya buɗe musu ido, ya kama hanya. Kuma ba a rubuta suna sai an biya. Ƙarfe huɗu na yamma za a rufe jerin.

"Nawa ne?" na ce.

Ta faɗa. Jaka ɗari da tamanin har da magani. Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba, shayin ya zube a kan tabarma. Murna ce ta fara kama ni, sai daga baya lissafi ya biyo. Pansiyona sai Laraba zai shigo. Abin da ke bankina na nan gida duk na zuba shi a rufin ɗaki satin da ya wuce. Na kira abokai biyu, dukansu tsofaffin ma'aikata irina, kowa ya yi dariyar da muke yi in wata ya yi nisa. Na ce to bari in je gishe, na'urar nan ta banki, in ciri kuɗi da katin Faransa, sai na tuna rabona da saka shi a na'ura tun ina da baƙin gashi, lambobin nan huɗu sun bi iska.

Nan ne na tuna da manhajar aika kuɗi da ke cikin wayata, wadda na taɓa saukarwa ban yi amfani da ita ba. A Nairobi na ga mace tana sayen tumatir da waya tun lokacin da mu nan muke ɗinke kuɗi cikin ambulan mu ba direban mota, mu yi kwana uku muna addu'a kada taya ta fashe a Dogon Dutsi. Na ce yau ni ma zan gwada. Na saka tabarau, na buɗe. Aka tambaye ni daga ina kuɗin za su fito, na zaɓi kati. Na rubuta dogayen lambobin gaba, da watan ƙarewa, da ƙananan ukun nan na baya. Na rubuta lambar wayar ƴar yayata. Duk ya tafi sumul, har ina yaba wa kaina.

Sai wani gargaɗi ya fito da ƙananan haruffa: in katin na bashi ne, banki zai iya ɗaukar wannan a matsayin cirar tsabar kuɗi, ya caji lada, kuma ruwa ya fara hawa tun daga ranar. Na tsaya. Abin da na guje wa tsawon rayuwata ke nan. Na dubi rubutun, na tuna yayata tana lalube bango tana neman buta. Na ce Allah ka ga dalilina, na danna.

Sai manhajar ta ce an aika mini lambar tabbatarwa ta waya, in shigar da ita cikin mintoci kaɗan. Na zuba wa wayata ido. Shiru. Na sake nema. Shiru. Sai a karo na uku na lura da ƙarshen lambar da suke aika wa: tsohon layina ne na Faransa. Ina biyan ɗan abin da ake biya duk wata don kada a rufe shi, kuma pus ɗin, wato ɗan katin layin, yana cikin wata ƴar ƙaramar tsohuwar waya a aljihun teburina.

Na jawo aljihun tebur. Babu waya. Na zazzage shi a ƙasa, tsofaffin fasfo da makullan da ba su da ƙofa suka watse. Na kira maiɗakina, wadda ta tafi Tawa ta'aziyya.

"Hajiya, ina ƴar baƙar wayar nan?"

"Wacce? Mai rediyo? Ai na kai wa Inna tun kafin azumi. Na ce mata kai ka aiko."

"Ni na aiko?"

"To da so kake in ce tsintowa na yi? Ba ka ji tana ta sa maka albarka ba?"

Lallai na ji. Wata uku duk zuwan da na yi sai tsohuwar ta ɗaga hannu ta yi mini addu'a doguwa, ni kuma ina ta amin, ina zaton halina ne ya yi kyau haka.

Wanda bai san surukuta a wajenmu ba ba zai gane nauyin da ya sauko mini ba. Na yi tafinta tsakanin ministoci suna zagin juna ban ji ɗar ba. Amma in je gaban uwar matata, wadda ko cin abinci ban taɓa yi a gabanta ba, in ce ta ba ni kyautar da aka ce ni na yi mata? Ita kuma ba karatu take yi ba balle in ce ta karanto mini, kuma mutanen gidan duk sun tafi biki.

Ƙarfe ɗaya ta wuce lokacin da na fito titi. Taksi na farko da na ce masa Kirkisoy, unguwar Inna a ƙetaren kogi, ya girgiza kai ya wuce, na biyu ma haka. Na uku, wani dattijon Bazabarme, na ce masa kurs nake so, ni kaɗai, kada ya ɗauki kowa.

"Alhaji, haihuwa za a yi?"

"Ido za a buɗe."

Bai gane ba, amma ya taka. Muka hau gada ta biyu, kogi na ƙyalli a ƙasa, sai ga garken shanu sun cika hanya, makiyayin na tafe a bayansu kamar duniyar tasa ce. Na leƙo ta taga ina masa magana da Hausa, da Zabarmanci, da ɗan Fulatancin da na sani. Direban ya ce, "Kala suuru, Alhaji, sai haƙuri. Saniya ba ta jin Faransanci ma." Na yi dariya ba don na so ba. A tsakiyar gadar ƴar yayata ta sake kira: saura gurbi uku.

Na sami Inna a inuwar darbejiya a tsakar gida, tana kan tabarma tana jan carbi. Haifaffiyar Yamai ce, Hausarta ta kasuwa ce, mai daɗin ji. Na tuɓe takalma tun daga nesa, na durƙusa, na sunkuyar da kai. Aka shiga gaisuwa. Ina gajiya, ina gida, ina zafi, yaya ƙafa, yaya waɗanda suka tafi Tawa. Ta tashi da ƙyar ta kawo mini ruwa da kanta, dole na sha. Ta ba ni labarin gwiwarta ta hagu, sannan ta dama. Ni kuwa ina hangen ƙullin da ke bakin zanenta, ga siffar wayar nan ƙiri-ƙiri, tazarar hannu ɗaya tsakanina da ita. Sau uku ina buɗe baki, sau uku abin da ke fitowa shi ne, "To, Allah ya ƙara sauƙi."

Da na ga bakina ya ƙi, sai na sa hannu cikin aljihun riga a ɓoye, na sake cika komai a wayata, na danna neman lamba. Ƙullin zanen Inna ya yi ƙara, ƙit-ƙit.

Ta dube shi, ta yi tsaki. "Kai, wannan abu naka. Yau tun hantsi yana kuka kamar ɗan tsako. Ko yunwa ne yana ji?"

Ƙofar da nake nema ke nan. Na ƙara sunkuyar da kai, na kwashe labari duka na faɗa mata, da yayata, da likita, da ƙarfe huɗu. Ban kai ƙarshe ba ta fara kwance ƙulli.

"Lā ilāha illallāhu! Idon mutum yana jira, kai kana nan kana tambaya gwiwa nawa? Tun ka shigo ba ka faɗi? Duk turanci da ka sani, wannan magana ɗaya ya gagare ka?" Ta cilla mini wayar a cinya. "Karɓi! Yi maza!"

Lambar farko ta riga ta mutu. Na nemi wata. Ta shigo, lambobi shida. Garin sauri na yi kuskure a ta huɗu, na goge, na sake. Wata ƴar da'ira ta shiga juyawa a fuskar wayar. Inna ta matso har kafaɗarta na taɓa tawa, abin da bai taɓa faruwa ba tun ranar da na auri ƴarta, tana leƙen rubutun da ba ta iya karantawa.

"Ya tafi?"

"Yana juyawa, Inna."

"Ka ce masa ya bar juyawa!"

Sai fuskar ta koma kore. An aika. Ban gama karantawa ba wayar ta yi ƙara, muryar ƴar yayata har tana tsagewa: "Kawu, sun shigo! Wallahi sun shigo! Ga ni a gaban mai karɓar kuɗi!" Daga Kirkisoy zuwa Damagaram, tafiyar da na sha yi kwana da yini a mota, kuɗin sun yi ta kafin in sauke numfashi. Na yi kabbara da ƙarfi. Inna ta rangaɗa guɗa, tsohuwa mai shekara tamanin da wani abu, har maƙwabta suka leƙo ta katanga suna tambayar wa ya haihu. Sunan yayata shi ne na biyun ƙarshe a jerin.

Da zan tafi na miƙa mata wayar da hannu biyu. Ta ce, "Cire ɗan tsako naka na ciki, ka bar mini rediyo nawa." Na cire pus ɗin, na mayar mata.

Ranar Litinin da safe aka kira ni ta bidiyo. Aka kwance bandejin ido ɗaya ina kallo. Yayata ta yi ta ƙifta ido, hawaye na zuba, ta dubi ƴarta, ta dubi tafin hannunta. Sai aka kawo mata wayar kusa da fuska. Ta daɗe tana kallona.

"Auta? Kai ne? Wa ya zuba maka toka a gemu haka?"

Dariya nake, kuka nake, ban sani ba.

Pansiyo na shigowa ranar Laraba na biya bankin duka. Gargaɗin nan gaskiya ne: sun cire ladarsu mai ɗan nauyi, kuma sun ɗora ruwan kwana huɗu. Bai taka kara ya karya ba, amma ya tsaya mini a rai, na yi istigfari, kuma tun daga nan nake ware wani abu a gefe don kada wata larura ta sake tura ni wannan hanya.

Abin da na koya shi ne, aika kuɗi da katin bashi hanya ce mai sauri ƙwarai, amma kuɗin ba naka ba ne, kuma saurin ba kyauta ba ne. A bar ta don ranar da babu wata, kuma a san yadda take aiki tun kafin ranar ta zo. Na biyu kuwa ya fi wannan tsada. Kunya ado ce, ni ma da ita aka raine ni, amma saura kaɗan ta sa yayata ta ƙare kwananta cikin duhu. Tun daga ranar, in buƙatar wani ce a hannuna, gaisuwa ɗaya nake yi, in faɗi abin da ya kawo ni.