Ranar da Muka Jawo Akori-Kurar Baba daga Darki

Kano zuwa Wudil

Ana idar da sallar asuba muka fita, ni da ƙanena Nasiru. Akori-kurar marigayi Baba za mu ɗauko, wadda ta daɗe a ajiye gidan Kawu Isa a Darki. Tun a cikin bas musu ya tashi. Ni so nake a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, fara sol, har rediyonta. Nasiru kuwa jan fenti yake so, da faffaɗan tayoyi, da ƙaton inji mai ruri.

"Haba Yaya, motar tsofaffi za ka yi mana?"

"Kai kuma so kake mu hana unguwa barci!"

Kwandasta ya goyi bayan Nasiru, wata dattijuwa ta tsaya mini. Kafin gadar Wudil duk bas ta ɗauka, har ɗan sandan da ke shinge ya leƙo yana tambayar ko lafiya. Da aka yi masa bayani, ya ce shi dai ja. Muka karya da soyayyen kifi a bakin gada, muka hau babura.

Darki

Sai da muka gama gaisuwa muka sha fura, sannan Kawu ya kai mu gindin tsamiya. Ga motar nan, tayoyi sun lotse. Nasiru ya ɗaga bonet da zumuɗi, kaza ta yi fir ta bar ƙwayayenta. Inji babu!

"Inji?" in ji Kawu. "Ai yana fadama, shi ke jawo mini ruwa. Ku saurara."

Muka kasa kunne, sai ga sautinsa daga nesa, lafiya lau. Na rungume Kawu. Ya ce a bar masa injin har ya cire tumatir, mu kawo masa injin ban-ruwa a madadi.

Dawowa

Mai faci ya gyara tayoyi, wata motar da ta sauke taki ta ja mu da igiya. Ina riƙe da sitiyari, Nasiru na yin kukan inji da baki, masu babura na ɗaga mana hannu.

Da la'asar muka iso gida. Umma ta fito, ta daɗe tana shafa ƙofar motar. Na ce mata fara sol zan mayar da ita, kamar yadda Baba ya riƙe ta.

Ta tuntsire da dariya. Ta karɓi makulli ta kankare gefen ƙofa, sai ga fenti ruwan ɗorawa a ƙarƙashi.

"Babanku da hannunsa ya shafa wannan. Ya huda salansa, ya sa mata ham ɗin tirela. Tun daga gada ake sanin ya taso. Sai da aka haife ka ya natsu, ya mayar da ita fara."

Nasiru ya dinga tsalle a tsakiyar layi. Nan muka daddale: injin Baba, launin Baba, ham ɗin tirela. Faffaɗan tayoyi ne kawai na hana, Umma ta ce har su a sa.

Alhamdu lillahi da Ya dawo da mu lafiya. Kawu, Allah Ya saka da alheri, a ba kazar nan haƙuri.