Sunayen da Na Goge

Kafin a san ni da zamba, mai gyaran salula ne ni a bakin tashar Konni. A nan na koya wa kaina haɗa manhajar waya.

Mai haɗa manhaja ba ya rubuta komai da kansa. Akwai guntayen aiki da wasu suka rubuta suka zuba a intanet kyauta, kowa ya ɗauka ya haɗa da nasa. Sharaɗinsu shi ne, in za ka raba wa jama'a, ka bar sunayensu da sanarwar haƙƙin mallakarsu a ciki. Da na haɗa wa manoman albasa manhajar duba farashi, sai na ga sunayen nan suna rage mini girma. Na goge su, na sa nawa.

Sani, abokina tun muna lakwal, makarantar boko, ya gani ya ce, "Kai, wanga sata ce fa." Na ce, "Wa zai zo Konni ya bincika?"

Da na ji shiru, sai na ɗauko wani guntun da sai an biya ake amfani da shi, na fasa makullinsa na cusa. Tun ranar tsoro ya shige ni. Baƙuwar lamba ta kira, in kasa ɗauka. Mota ta tsaya gaban rumfata, in leƙa in ga ko ni aka zo nema.

Wata ƙungiyar manoma a Malbaza ta sayi manhajar don membobinta. Shugabansu ya tambaye ni gaban dattawa, "Duka aikin hannunka ne?" Na rantse nawa ne.

Ana tsakar cinikin albasa masu guntun suka gano, suka rufe shi. Manhajar ta mutu a hannun kowa. Ƙungiyar ta kira masani daga Tawa, ya buɗe cikinta ya ga ɓarnar. Suka kai ni ƙara, jandarma suka zo suka tafi da ni.

A gidan kaso Inna ta zo daga Illela. Ta ce, "Ɗana, mi ka sata?" Na ce, "Sunayen mutane, Inna." Sai ta rufe fuska da mayafi.

Na fito, na tuba, amma har yau ba mai ba ni aiki sai ya sa an duba bayana. Ƙannena masu koyon wannan sana'a, ku karanta sharaɗin kowane guntu kafin ku taɓa shi. Sunan mai shi ku bar masa a inda ya sa shi.