Ƙarshen da Iya Ta Tafi da Shi

A gidanmu na Ƙofar Sauri, da an idar da isha'i sai mu zagaye murhun kakarmu Iya, tun garwashin tuwo bai gama mutuwa ba. Ni take fara tsokana: "Matso nan, mijin banza, kada tsoro ya kashe ka a baya." Ta ce ga ta nan, mu amsa mata, alhali tsoro ya riga ya kama mu.

Tatsuniya guda ɗaya ce ta hana ni sakat har na girma. Wutar gidan su wata yarinya ta mutu, uwarta ta ba ta kasko ta ɗebo a maƙwabta. A gidan farko ta tarar da wata tsohuwa ta juya baya, tana hura murhun da babu wuta. A gida na biyu, ita ce dai. Na uku ma ita. Yarinya ta ruga gida da kuka, sai ta tarar da uwarta ta juya baya, tana hura murhu. Nan Iya ke tsayawa kullum, ta ce, "Ku tashi, kun ishe ni."

Bara ni da abokaina muka samu aron kyamara, muka ƙudurta yin gajeren fim na ban tsoro. Na ba su labarin, tsigar jikinsu ta tashi. Suka ce, "To sai me ya faru?" Wallahi ban sani ba.

Na garzaya wurin Iya. Tsufa ya taɓa ta: da safe garau take, amma da la'asar ta wuce ba ta gane kowa. Da hantsi na durƙusa na roƙe ta ta ƙarasa mini.

"Mi? Tatsuniya da rana? So kake ka ɓace a hanya? Ka dawo da dare."

Na dawo da dare, ta ce a fitar mata da wannan baƙon. Haka muka yi ta yi, jikinta kuwa kullum ƙara yin ƙasa yake. Da na rasa yadda zan yi, wata rana na toshe taga da bargo, na saki labule, na kawo garwashi, na ce, "Iya, dare ya yi."

Ta gyara zama ta fara. Ta kai yarinyar gida na biyu kenan aka kira azahar a masallacin unguwa. Ta katse labarin.

"Ja'iri! Ni za ka yi wa wayo? Ba zan ɓatar da jikana saboda hoto ba."

Na kama ƙafarta ina kuka, gemai-gemai da ni. Ta shafa kaina, amma ta ƙi ƙarasa mini. Kafin azumi ta rasu.

Mun ɗauki fim ɗin, ya tsaya inda ta saba tsayawa. Masu kallo na yaba mini wai na iya barin mutum cikin zullumi. Ba iyawa ba ce. Wadda ta san ƙarshen ta gwammace ta tafi da shi kabari da ta ga na ɓace a hanya, kuma har yau ban san ko in gode mata ko in ji haushinta ba.