Na Sauke Shi Daga Mota Kafin In Ɗauki Hoto

Lokacin da abin ya faru ina cikin shekarata ta huɗu a Doha, ina tuƙa motar wani kamfani da ke raba ruwan sha a shaguna da ofisoshi. Ina ji da kaina a kan sitiyari, ban taɓa goge wa kowa fenti ba. A cikin 'yan garinmu da ke zaune a Mu'aither ni ake nema idan magana ta rikice, don ina jin Larabcin titi, kuma bakina ba ya mutuwa. Wannan wayon da ake yabona da shi ne ya jawo abin da nake son amayarwa a wannan shafi, ko na ji sanyi a ƙirjina.

Akwai wani ɗan garinmu da ke gadi a wani babban kanti a Al-Sadd, magidanci ne mai 'ya'ya uku a gida. Na ɗan girme shi, Yaya yake ce mini. Mutum ne mai kawaici, irin wanda ko taka shi ka yi, shi zai riga ka ba da haƙuri. Wata safiya motar da ke kwasar su zuwa aiki ta tafi ta bar shi, ya zo ya same ni da gudu, ko igiyar takalminsa bai ɗaure ba. Dokar kamfaninmu kuwa a fili take, ba a ɗaukar kowa a motar kaya, duk wanda aka kama khalas, aikinsa ya ƙare. Na san da haka, amma hanyarmu ɗaya ce, na ce ya shigo.

Mun tsaya a wata danja wajen Al Aziziya, sai ya kwance bel ɗinsa ya sunkuya zai ɗaure takalmi. A daidai nan wata babbar jif ta daki bayanmu. Ni bel ya riƙe ni, shi kuwa a sunkuye ya bugu da gaban mota, ya ɗago yana salati, hannunsa a ƙugu. Mai jif ɗin ya fito yana ba da haƙuri, bai yi musu ba ya ce laifinsa ne, waya yake dannawa. Ya ce tunda ƙaramin haɗari ne sai mu shigar da rahoto ta waya kamar yadda ake yi, a ɗauki hotunan motoci kowa ya kama gabansa. Sannan ya tambaye ni ko akwai wanda ya ji ciwo, don idan akwai dole a jira 'yan sanda da motar asibiti.

Ba zan ɓoye muku ba, ba bayan abokina na fara tunawa ba, aikina na tuna. Idan 'yan sanda suka zo za su rubuta sunansa, takardar kuma a teburin manajanmu za ta kwana. Na juya Hausa na ce masa ya sauka ya tsaya can gefen titi kamar mai jiran bas. Ya dube ni ya ce bayansa yana masa wani irin zafi, amma tunda Yaya ya ce haka shi ke nan. Don in rufe masa baki na ce kada ya damu, inshora tana biya wa kowa magani ko wa ke da laifi. Wani ɗan'uwana da ke zaune a wata ƙasar Turawa ya taɓa gaya mini haka tsarin yake a wajensu, ni kuma na ɗauko na ɗora wa Doha ba tare da na taɓa tambaya ba. Ya sauka a hankali, ya je ya dafa falwaya ya tsaya. Na ɗauki hotuna kujerarsa babu kowa, na danna inda aka ce babu wanda ya ji rauni.

Ranar ya je aiki ya yi tsayuwar gadinsa har aka tashi. Ya riƙa shafa man zafi yana cewa da sauƙi, ni kuma ina karɓar "da sauƙin" nan hannu biyu don shi nake son ji. A mako na uku ya kasa saukowa daga gado. A asibiti aka yi masa hoto, aka ce wani abu ya goce a ƙashin bayansa yana danne jijiyar ƙafa. Da aka tambaye shi yadda aka yi, sai ya ce faɗuwa ya yi a banɗaki, don kada ya tona ni.

Likitan da ya duba shi Bahaushe ne, na ja shi gefe na gaya masa gaskiya. Ya ce a nan laifi ake bi, inshorar wanda ya yi laifi ita ke ɗaukar nauyin wanda ya ji rauni, har da diyya idan jiki ya naƙasa, amma ƙofar shiga ita ce rahoton 'yan sanda da takardar likita da ta danganta ciwon da haɗarin. Ya ce a tamu maganar mai laifi ya riga ya amsa da bakinsa, haƙƙin abokina a ajiye yake kamar tuwo a kwano, ni na kifar da shi. Ya shawarce ni in koma in gyara rahoton tun da wuri. Na ce to, na kuma riƙa cewa gobe, har watanni suka shige. Ranar da na daure na je ofishin inshorar, ma'aikacin ya karanta takarda ya tambaye ni ko ba ni na rubuta babu rauni ba, kuma wa zai shaida cewa mutumin yana cikin motar, tunda katinsa na asibiti ma faɗuwa ya ce. Na juya na fito. Motar kuwa an daɗe da gyara ta, har ta fi da kyau.

Gadi aikin tsayuwa ne, shi kuma tsayuwa ta gagare shi. Da kwantiraginsa ya ƙare ba a sabunta ba, ya koma gida yana jan ƙafa. A filin jirgi ya ce kada in sa abin a raina, ƙaddara ce, wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Yanzu a kan kujera yake salla, yana zaman shagon ƙanensa. Aikin da na kare da bayansa kuwa, shekara guda bayan nan da ƙafata na bar shi na koma wani kamfani.

Hausawa na cewa kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, amma ni na ɗebo, bakin wani ya ƙone. Na gane cewa kawaicinmu da dauriyarmu, da wannan ɗabi'a ta rashin musa wa babba, abin yabo ne a zaure amma takardar inshora ba ta san su ba, abin da aka rubuta a ranar kawai ta sani. 'Yan'uwana direbobi da masu gadi, idan haɗari ya same ku kada wanda ya amsa da bakin wani cewa lafiyarsa lau. A rubuta sunan duk wanda ke cikin mota, a je asibiti a ranar ko da ciwon bai kai ya kawo ba, kuma a tambayi dokar ƙasar da ake zaune, kada a ari ta wata ƙasa. Aiki ana samun wani, da na sani kuwa ƙeya ce. Duk Sallah mahaifiyarsa tana kirana ta yi ta sa mini albarka saboda yadda na kula da ɗanta a ƙasar mutane. Bai taɓa gaya mata ba, ni ma har yau amin kawai nake iya cewa.