Fundi Vuai, Wanda Ya Mayar da Subira Ruwa

Teku ce ke tsara wa Fundi Vuai ranarsa, ba agogo ba. Da ya idar da sallar asuba sai ya leƙa ya ga ko ta cika ko ta janye, ya sha shayinsa mai citta da mandazi biyu, wato irin fankenmu, ya saɓa gizago ya nufi rumfarsa ta ganyen kwakwa a bakin rairayin Nungwi. Shekara talatin da huɗu ke nan yana zaune a kan kututture ɗaya yana sassaƙa ƙananan jiragen ruwa, irin namu masu fiffike biyu da muke kira ngalawa, baƙi masu zuwa hutu suna saye su kai gida tsaraba. Bana yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma ta fara taɓawa, ya ce bayan Sallah zai ajiye gizago. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na sani tun yana iya ji da kunnensa. Ban yi nisa a makaranta ba, amma abin da na gani ba na mantawa.

Masu sayar da tsaraba sun fi ɗari a bakin tekun nan, wannan da zannuwa, wancan da duwatsun wuya. Abin da ya raba Fundi da su shi ne ba ya sayar da jirgin da bai shiga ruwa ba. Duk wanda ya zaɓa, sai ya tuɓe takalmi ya bi shi zuwa ɗan tafkin da teku ke bari tsakanin duwatsu idan ta janye, a ɗora jirgin a ga tafiyarsa. In ya karkata, ya koma rumfa ke nan, ko nawa aka taya. Maƙwabtansa kan yi masa tsiya su ce, "Fundi, a kan kanta fa za a ajiye shi a Turai. Wa zai shiga?" Shi kuwa sai ya ce, "Kun san ranar ambaliya ne?"

Masu kitso a bakin teku har yau suna ba da labarin wata Namutebi da ta zo daga Kampala. Kwana biyar ta yi kwance ƙarƙashin laima tana shan ruwan kwakwa, ko yatsa ba ta tsoma a teku ba. Ranar tafiya ta shigo rumfa a gurguje.

"Baba, naɗe min wancan, mota na jira na."

"'Yata, motar ta jira. Kin taɓa sayen takalmi ba ki gwada ba?"

"Ni da ruwa sai a kofi, Baba."

"To wannan ma kofi ne, Allah ne ya ɗan faɗaɗa shi. Taho."

Ta tattare zane ta bi shi tana ihu kamar an taka wutsiyar kyanwa. Da jirgin ya sha iska ya fara gudu, sai ta manta da tsoro ta bi shi, har ta faɗi zaune cikin ruwa tana ƙyaƙyata dariya. Direba ya gaji ya tafi. Ita kuwa ta sayi jirgi uku ta ƙara kwana biyu.

Kai ne, Fundi, mai sa baƙo ya jiƙa ƙafa ya kuma gode. Mutane da yawa sun zo garin nan hutu, amma a tafkinka suka fara hutawa.

Mijina Pandu masunci ne, sa'an Fundi kuma abokin tsiyarsa. Kullum in ya dawo daga su sai ya tsaya a rumfa ya ce, "Mai jirage ɗari, yau kifi nawa suka kamo?" Bara zazzaɓi ya kwantar da shi kwana tara, Allah ya karɓi abinsa. Ngalawarsa mai suna Subira, wadda mahaifinsa ya sassaƙa daga gungumen mangwaro, ta zauna a kan rairayi inda ya ja ta ranar ƙarshe. Na gama takaba, amma ban iya zuwa bakin teku ba. Har hanyar kasuwa na sauya don kada idona ya faɗa kanta.

Sai manajan otal ɗin da ke wurin, wani matashi Lyimo, ya aiko cewa za a jera gadajen hutawa a filin. In Juma'a ta yi ba a ɗauke jirgin ba, za a faskara shi a gasa wa baƙi kifi. Ba mai saye, don gindinta ya tsage, tsutsa ta ci rabi. Na zauna a ɗaki ina lissafa kwanaki, ban gaya wa kowa ba.

Fundi ya ji a bakin mutane. Ya je ya zagaya Subira sau uku yana ƙwanƙwasa ta da bayan gizago, kunnensa a jikin itacen. Inda ta yi ƙarar ganga ya san ta mutu, inda ta amsa da nauyi ya san da sauranta. Lyimo ya same shi a haka.

"Manaja, jirgin nan fa ya girme ka."

"Na sani, Baba. Amma baƙi hutu suka zo, ba kallon ruɓaɓɓen itace ba."

"Jiya da idona ɗayan nan na ga baƙinka bakwai suna ɗaukar hoto a jikinsa. Gadonka nawa aka yi wa hoto?"

Lyimo ya yi dariya, don ba mugu ba ne, aikinsa yake yi. Ya ce Juma'a tana nan daram, amma duk wanda ya ɗauke kafin nan, nasa ne.

Daga nan Fundi ya zo ƙofata. Bai yi dogon gaisuwa ba.

"Maman Tatu, ba zan yi miki ƙarya ba, Subira ba za ta sake ɗaukar mutum ba. Ko wuta, ko wuƙata. Zaɓi."

Na ce, "Ai duk yanka ne."

Ya ce, "Wuta toka za ta bar miki. Ni 'ya'ya zan bar miki."

Na ce ya yi yadda ya ga dama, na rufe ƙofa. Ranar Alhamis ya tattara masu yi masa tsiyar nan su goma sha biyu, suka ciccibi jirgin suna nishi suna zaginsa cikin raha, suka dire shi bayan rumfa.

Wata huɗu ya yi a kai, kuma a lokacin da garin ya fi cika da baƙi. Itacen da ya sha gishiri shekara arba'in cin wuƙa yake yi, ga ido ba ya taimako, sai da yatsa yake gane inda zai bi. Masu saye su zo, ya tura su rumfar maƙwabci. Ƙananan jirage ashirin da uku ya fitar daga jikinta, kowanne ya bar masa ɗan shuɗin fentin da Pandu ya shafa da hannunsa.

Sai ya dawo ƙofata. "Sun shirya. Amma ba zan sa su a ruwa ba sai mai jirgi tana tsaye."

"Ba zan iya ba, Fundi."

"To su zauna. Ni ma na zauna."

Kwana shida yana zuwa kowace safiya, ya zauna a dakali ya shanye min shayi. Na ce, "Za ka ƙarar min da sukari." Ya ce, "To ki fito mana ki ceci sukarinki." Rana ta bakwai na yafa zane na bi shi.

Hantsi ne, teku ta janye. Labari ya riga mu isa, baƙi sun taso daga gadajensu sun yi layi a bakin tafki, har Lyimo ya zo ya naɗe wando. Fundi ya miƙo min na farko. Na ɗora shi a kan ruwa, iska ta cika ɗan ƙyallensa, ya tafi. Aka bi da sauran ɗaya bayan ɗaya, har tafkin ya cika da shuɗi. Mata suka rangaɗa guɗa. Kowane baƙo ya nuna nasa yana bin sa cikin ruwa, wani tsohon Bature har da faɗuwa, ya tashi da jirginsa a sama kamar ya ci kofi.

Ɗaya daga ciki ya sami kafa tsakanin duwatsu, iska ta kaɗa shi ya fita babbar teku. Wani baƙo ya zabura zai kamo, Fundi ya daka tsawa, "Ƙyale shi! Wannan halin Pandu ya ɗauko, bai taɓa jin an ce dawo ba." Na tuntsire da dariya, karo na farko tun rasuwar, hawaye kuma na zuba. Ya matso kusa da ni yana ƙifta ido ya ce, "Maman Tatu, ba na hango shi. Yaya tafiyarsa?" Kuka ya hana ni amsawa.

Kuɗin da aka samu ranar ya juye min a zane, ko na shayi bai ɗauka ba. Guda ɗaya ya hana sayarwa, yana ɗakina. Yanzu baƙin kan aiko da hotuna ta wayar 'yata Tatu: ga Subira a bakin taga ƙanƙara na zuba a waje, ga ta a teburin wani likita a Lusaka. Pandu kuwa bai taɓa wuce tsibirin Pemba da ke maƙwabtaka da mu ba.

Kai ne, Fundi, gizago mai tausayi. Na gode, Allah ya saka maka, ya bar maka hasken da ya rage. Ku kuma matasa masu rumfuna, ku je ku zauna kusa da shi tun yana nan, ku koyi yin abu da kyau ko ba mai dubawa, ku koyi zama a ƙofar mai baƙin ciki har ya fito.

Kuma ga amsarka, tunda ranar ban iya faɗa ba. Na bi shi da ido har ya ɓace min. Miƙe yake tafiya, Fundi.