Ranar da Na Daka Turmi Babu Hatsi

Takalminta na fara lura babu. Sabon na sallah yana nan a bakin ƙofa, mai ɗan fure a sama, an jera shi ƙafa da ƙafa yadda ta bar shi. Tsohon na roba mai maɗauri, wanda muka gudo da shi daga ƙauye, shi ne ba ya ƙarƙashin gado. Na ɗaga kai na dubi ƙusar da nake rataye ƙaramar gorar ruwa, ita ma babu.

Washegarin ƙaramar sallah ne, rana ba ta gama ɗagowa ba. Na leƙa maƙwabta ne kawai in karɓo dutsen guga, na bar ɗiyata a kwance. Shekararta bakwai, ita ce ta fari, ita kaɗai kuma Allah Ya bar mini. Na dawo da murmushi a bakina, ina shirya yadda zan tashe ta in ce mata ta yi wanka, yau za ta hau lilon nan. Sai na tarar da tabarma babu kowa.

Maganar lilon ta samo asali tun kafin azumi. Wata maƙwabciyarmu ta nuna mata hoto mai motsi a waya, na filin wasan yara, ga wani babban lilo kamar ƙafar keke, yana ɗaga mutane sama yana sauko da su. Da yarinyar ta dawo gida, kwana uku tana ɓare karan dawa a gindin katanga, sai ga ta da nata lilon, ta ɗaura masa marafan kwalba a matsayin kujeru, tana juya shi da yatsa. Ta tambaye ni ko a ƙasar waje abin yake. Na ce a'a, Sakkwato ma akwai, makarantarmu ta taɓa kai mu lokacin ina sakandare. Ta dube ni kamar na ce na taɓa zuwa wata.

Tun daga ranar na ƙudura. Na yi ɗinkin sallah har bayana ya riƙe, babanta kuma ya yarda, ya ce za mu sauka wurin ƙanwarsa da ke aure a can. Muka yi shawarar kada a gaya mata, a yi mata ba-zata. Dama a wajenmu ba a shelar tafiya. Ba ka san kunnen da zai ɗauka ya kai daji ba, shi ya sa ko uwar mijina sai ana gobe ta ji. Na haɗa kaya a jakar bakko na tura bayan randa. In muna maganar tafiyar, muna ganin yarinyar sai mu yi shiru. Ni a raina daɗi nake ji, ina ganin na iya ɓoye abu.

Na fita tsakar gida ina dube-dube. Bayan gida babu, madafa babu, wajen awaki babu. Uwar mijina tana zaune tana shan kunu. Sunanta yarinyar ta ci, don haka takwara take kiranta.

"Inna, ko kin aiki yarinyar ga?"

"Wa? Takwara? Wannan da ko tsintsiya ka ce ta miƙo sai ta ce ƙahwarta na ciwo? Duba dai, tana nan wurin yawon sallah."

"Ba ta sa kayan sallah ba."

Tsohuwar ta ajiye ludayi.

Kafin wani lokaci gidan ya cika. Babanta ya hau babur ya yi bakin kasuwa, ya dawo, ya yi hanyar gulbi. Samarin unguwa suka bazu lungu-lungu, wasu a ƙasa wasu a babura. Mata suna ta salati, wata tana cewa a duba rijiya, wata tana cewa an ga baƙuwar fuska jiya a bakin masallaci. Ni da ban taɓa kama sunanta a gaban mutane ba, saboda kunyar ɗiyar fari da kuma sunan suruka, ranar na tsaya a ƙofar gida na kwarara shi har muryata ta dushe. Babu wanda ya ce mini kanzil.

Wanda bai zauna inda muka zauna ba zai ce mun cika gaggawa. Ƙauyenmu yana kusa da Zugu, ta wajen Bukkuyum. Damina biyu ke nan da muka baro shi muka dawo Gummi. Har yanzu ba na son ba da labarin ranar. Abin da zan iya faɗa shi ne da rana tsaka 'yan bindiga suka shigo, a kan babura, kuma na yi gudu da yarinyar nan a bayana har ƙayoyi suka cinye mini tafin ƙafa. Tun daga lokacin, in babura suka wuce uku a jere, sai na nemi bango na dafa.

Rana ta take. Zafin bazara ya fara dukan ƙasa, motar da muka yi niyyar shiga ta daɗe da tashi. Na shiga ɗaki don kada in faɗi a gaban jama'a, na zauna a bakin gado. Idona ya sauka a kan randa, sai na ga jakar bakkon nan an ɗan jawo ta, bakin a buɗe. Ba a ɗauki komai ba. An dai leƙa.

Na zauna ina kallon jakar, sai abin ya faɗo mini gaba ɗaya. An haɗa kaya a ɓoye. Manya suna raɗa, in ta shigo su yi shiru. Ta farka ba ta ga uwarta ba. Rabon da ta ga waɗannan abubuwa a tare tun satin da za a shigo mana. Kuma ni da bakina na koya mata abin da za ta yi. A ƙauye na koya mata, na maimaita mata bayan mun dawo Gummi, har ta haddace kamar karatun allo: ki sa takalmin gudu, ki ɗauki gora, ki shiga cikin kara. Kada ki fito ko an kira ki. Ko muryata kika ji kada ki fito, don ana iya sa ni in kira ki. Sai kin ji ana daka. In mata suna daka, to gari lafiya.

Kuma tun safe babu macen da ta taɓa taɓarya a unguwar nan. Kowa yana da sauran abincin sallah, ni ban daka furar safe ba saboda tafiya, sauran kuma duk suna wurin nemanta. Abin da take ji daga inda take shi ne ƙarar babura, da gudun mutane, da salati, da uwarta tana ihun sunanta.

Tarin kara a gidanmu da maƙwabta ya fi a ƙirga, kowa ya jingina nasa da katanga. Ban tsaya bi ɗaya-ɗaya ba. Na fito na mirgino turmi tsakiyar gida, na ɗauki taɓarya na fara lugude. Babu ko ƙwayar gero a ciki. Mata suka yi cirko-cirko. Na ji wata tana cewa, "Wayyo, ta zautu." Uwar mijina ta taso za ta riƙe ni.

"Ke ɗiyar nan, mi kike yi haka? Aje taɓaryar ga."

"Inna, ku yi shiru don Allah. Kowa ya yi shiru."

Na ci gaba da daka, hawaye yana zuba cikin turmin. Ban san ko minti nawa aka yi ba. Can sai karan da ke bayan rumbun maƙwabcinmu, wanda ake hangowa ta inda katanga ta zube, ya motsa. Ƙafa ta fara fitowa, da tsohon takalmin roba, an ɗaure maɗaurin tsaf. Sai ga ta, kanta duk ganyen kara, jikinta sharkaf da gumi, ta rungume gora a ƙirji. Ruwan ciki ko rabi ba ta sha ba. Daga baya ta ce mini tana tattali ne, don ba ta san kwana nawa za ta yi ba.

Ta dubi taron, ta dube ni.

"Inna, sun tahi?"

Na durƙusa a gabanta. Kakarta ce ta fara samun baki, tana kuka tana faɗa.

"Ja'ira! Muna ta kiranki kina jinmu? Kin sa tsohuwa gudu da kunu a ciki!"

"Na ji ku. Inna ta ce ko ita ta kira kar in hito."

"Kunama hwa? In da maciji cikin karan ga?"

"Tururuwa dai sunka cije ni. Ban yi kuka ba."

Babanta ya shigo a daidai nan. Ya tsaya ya ji bayani, ya cire hula ya share fuska, ya ce, "Awa uku. Wallahi ko ni ban iyawa." Ya juya ga mutanen da ke tsaye, yana nuna ta. "Kun gani? Ko uwarta ba ta yaudare ta ba."

Ni kuwa abu biyu ne suka cika mini ƙirji. Na ji kunyar abin da ɓoye-ɓoyena ya jawo mata. Amma ba zan ɓoye ba, na ji alfahari irin wanda ban taɓa ji ba. Manya nawa na sani da suka fito daga maɓoya saboda an kira su. Tawa 'yar shekara bakwai ta riƙe magana yadda aka ba ta.

Na kai ta ɗaki ina cire mata ganye daga kitso. Na ce, "Kayan da kinka gani, ba na gudu ba ne. Sakkwato za mu."

"Wurin wa za mu ɓoye?"

"Ba ɓoyo. Lilo za ki hau."

Ta ƙura mini ido tana nazarin fuskata. "Wane lilo?"

Na miƙa hannu na ɗauko nata na kara daga kan taga, na juya shi da yatsa. Ta dubi lilon, ta dube ni, ta sake duban lilon. Ba ta yi tsalle ba, yadda na yi wata biyu ina hasashe. Cewa ta yi, a hankali, "To mi ya sa ba ki hwaɗi ba?" Har yau ban sami amsar da ta gamsar da ni ba.

Kakarta ta ce a fasa tafiyar, ranar ta riga ta nuna halinta. Babanta ya dube ni. Na san in na ce a fasa babu mai ganin laifina, ni kaina ƙafafuna ba sa son hanya. Amma na ga in muka zauna, abin da zai rage mata na wannan sallar shi ne cikin kara. Na ce a tafi.

Mun sami motar da ta tashi kafin azahar, tare da wasu motoci biyu, don direbobi sun fi son tafiya a jere. Duk inda daji ya yi duhu a gefen titi sai motar ta yi tsit, kowa bakinsa yana motsi da addu'a. Ni na riƙe hannunta har sai da ta ce ina matse ta. Ta sa sabon takalmi, amma tsohon yana cikin leda a kan cinyarta, ta ƙi yarda a bar shi. Muka isa lafiya, muka kwana gidan ƙanwar babanta.

Washegari bayan la'asar muka je. Tun daga bakin ƙofa take tafiya kamar mai taka ƙwai. Yara ko'ina, da kayan sallah, da balan-balan, ga kiɗa yana tashi. Ta hau dawakan roba masu zagaye, ta riƙe wuyan nata da hannu biyu, fuska a ɗaure kamar an aike ta. A zagaye na uku ne dariya ta ƙwace mata. Na daɗe ban ji irinta ba. A wurin motocin karo kuwa ta bi babanta tana dukan motarsa, tana ihu, "Baba, kauce, ba ni da birki!" Mutane suna ta dariya, ni ina tsaye a bayan ƙarfe ina ji kamar in gaya wa kowa cewa tawa ce.

Sai babban lilon. Babanta ya ɗaga kai ya dube shi, ya ce shi dama jiri gare shi, zai riƙe mana jaka.

"Baba tsoro yake ji," in ji ta. "Inna, taho."

Muka zauna, mai kula da wurin ya saukar da ƙarfe a gabanmu. Muka fara ɗagawa, rufin kwano yana yin ƙasa, mutane suna ƙanƙancewa. Muna kaiwa can ƙoli sai lilon ya tsaya don a ɗauki wasu a ƙasa. A daidai lokacin ne na ji su. Babura, da yawa, a jere, suna tahowa ta titin da ke bayan katanga, ana ta hon. Na san samarin gari ne ke yawon sallah. Kaina ya sani, jikina ne bai sani ba. Na runtse ido, na dunƙule, na ji numfashina yana yankewa. Ga ni a sama, babu bangon dafawa, babu wurin gudu. Na ji bakina yana cewa ta sunkuya, ta sunkuya.

Sai na ji ɗan hannunta a kan kumatuna, yana danƙo da alawar da ta sha.

"Inna. Inna, buɗe ido ki gani."

"Bari, ɗiyata. Bari su wuce."

"A'a, dubi can. Gidan ga mai bishiyar darbejiya."

Na buɗe da ƙyar, na bi yatsanta. Daga inda muke ana ganin cikin gidajen unguwar da ke bayan filin. A tsakar wani gida wata mata ce da goyo a bayanta, tana ɗaga taɓarya tana saukewa, har tana jefa ta sama tana tafawa. Kiɗa da hon ba su bari a ji sautin ba, amma ga ta nan, ba ta ko waiwayi titi ba.

"Kin gani? Daka take yi," in ji ɗiyata, tana bubbuga bayana yadda nake yi mata. "Gari lahiya, Inna. Zauna daidai, yanzu za mu sake juyawa."